Babi na Bakwai: Antioksidan, Daga Kwanon Abinci Zuwa Kwalbar Magani

Antioksidan suna ne na tarin sinadarai da ke tare ɓarnar da iskar oksijin ke yi wa jiki da abinci. A cikinsu akwai bitamin C da bitamin E, akwai jan launin tumatir da ruwan ɗorawar mangwaro da kabewa, akwai abin da ke sa shayi da jar dawa bauri. Akwai kuma waɗanda jiki ke ƙera wa kansa, su ne ma suka fi ƙarfi. Ƙirarsu ba ɗaya ba ce. Aiki ne ya tara su ƙarƙashin suna guda.

Ɓarnar da ake magana a kanta ana ganinta a kowane madafi. Man gyaɗan da aka bari a buɗe cikin zafin bazarar Jazira ta Sudan ba ya daɗewa sai warinsa ya sauya, ya riƙa maƙaƙi a maƙogwaro, domin oksijin ya shiga kitsen ya farfasa shi. Baƙin gautan da aka yanyanka don suya yakan yi duhu nan da nan, amma in aka matsa masa lemon tsami sai ya jima da haskensa. Man riɗi kuwa, irin wanda ake kawowa daga Gadarif, ya fi yawancin mayuka jure ajiya saboda yana ɗauke da nasa masu tsaron, wato sesamol da danginsa.

Yadda abin ke gudana a jiki

Kowace ƙwayar halitta tana samun ƙarfi ne ta hanyar ƙona abinci da oksijin a cikin wasu ƙananan ɗakuna da ake kira mitokondiriya. Ƙunar ba ta fita tsaf. Wani ɗan kaso na oksijin yakan kuɓuce da elektiron guda marar abokin zama, kuma ƙwayar da ke cikin wannan hali ba ta natsuwa sai ta fizgo elektiron daga abin da ke kusa da ita. Irin waɗannan ake kira sakakkun radikal. In kitsen bangon ƙwayar halitta aka taɓa, shi ma sai ya koma mafizgi, ya taɓa na kusa da shi, abin ya yi ta ci kamar wuta a ƙarmami. In furotin ne sai ya lalace. In kuwa DNA ne, kundin gadon halitta, sai kuskure ya shiga rubutun, kuma tarin irin wannan kuskure na iya zama mafarin sankara.

Jiki na da nasa tanadin. Enzayim ɗin SOD, wanda Joe McCord da Irwin Fridovich suka gano aikinsa a Jami'ar Duke ta Amurka a 1969, yana mayar da radikal na farko zuwa ruwan feroksaid, sai wani enzayim mai suna katales ya raba wannan zuwa ruwa da oksijin. Duk wanda ya ga yadda feroksaid ke kumfa in ma'aikacin jinya ya zuba shi a kan miki, aikin katales ya gani. Akwai kuma gulutatayon, wanda hanta da jajayen ƙwayoyin jini ke tarawa da yawa. Na abinci mataimaka ne: bitamin E na zaune cikin kitsen bango yana katse ɓarnar, bitamin C na farfaɗo da shi bayan ya yi aiki, gulutatayon kuma ya farfaɗo da bitamin C. Ma'adanai irin su seleniyam da zinki ba sa tare komai da kansu, sai dai wasu enzayim ɗin ba sa motsi in babu su.

A 1954 Rebeca Gerschman, 'yar ƙasar Ajantina, ta nuna cewa gubar oksijin da ta hasken hoton ƙashi hanya ɗaya suke bi. Bayan shekara biyu Denham Harman ya fito da ra'ayin cewa tsufa kansa tarin wannan ɓarna ne. Daga nan fata ya samo asali: in radikal ne ke kawo tsufa da ciwon zuciya da sankara, to yawan shan abin da ke kashe su zai tsawaita rai.

Sai dai ba a nan gizo ke saƙar ba. Radikal ba ɓarna kaɗai suke yi ba. Fararen ƙwayoyin jini da gangan suke kwarara su a kan ƙwayar cutar da suka haɗiye, kuma yaran da aka haifa ba tare da wannan iko ba ba sa rabuwa da maruru da ciwon huhu. Maganin zazzaɓin cizon sauro na yau, wanda aka samo daga tazargaden ƙasar Sin bisa aikin Tu Youyou da ta samu kyautar Nobel a 2015, da radikal yake kisa: in ya haɗu da sinadarin ƙarfen da ke cikin ƙwayar cutar sai ya fashe ya halaka ta. Abin da lafiya ke buƙata daidaito ne tsakanin ɓangarorin biyu.

Abin da ke cikin kwano

Hausawa sun daɗe a gaɓar Shuɗin Nilu. Wasu alhazai ne da hanyar Makka ta zaunar da su. Wasu sun biyo Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, bayan yaƙin Burmi na 1903, suka zauna a garin Mai Wurno kudu da Sinnar. Wasu kuma aikin auduga ya jawo su bayan an kammala madatsar Sinnar a 1925 aka buɗe gandun Jazira, wanda ya haura fadan miliyan biyu. A ƙauyukansu, da kanabi, wato matsugunan ma'aikatan gona da ke gefen magudanan ruwa, abinci ya haɗa gida biyu: asida da kisra na dawa, miyar kuka da lalo da weka (busasshiyar kuɓewa), ful da man riɗi, dakwa, agashe, kifin kogi.

Wannan abinci ba shi da talaucin antioksidan, muddin akwai shi. Garin 'ya'yan kuka, wanda kasuwa ta sani da gongoles, bitamin C ɗinsa ya ninka na lemon zaƙi sau da dama, kuma tun da jiƙa shi ake yi a ruwan sanyi, wuta ba ta ci rabonta. Gwaba da lemon tsami da ɗanyen tumatir da magarya duk suna da shi. Ganyen lalo da zogale da yakuwa, da kabewa da mangwaro, suna ɗauke da karotin, wanda jiki ke juya wani sashensa zuwa bitamin A. Gyaɗa da riɗi su ne tushen bitamin E. Hanyar girki tana da tasiri: bitamin C ba ya jure shanya a rana da doguwar dahuwa, don haka weka da busasshen tumatir sun rasa mafi yawansa, alhali jan launin tumatir ya fi shiga jiki in an dafa shi da mai. Zogale, wanda ake tallarsa a matsayin maganin cututtuka ɗari-ɗari, ganye ne mai gina jiki ƙwarai, amma babu gwajin da ya tabbatar da waccan talla. Amfaninsa da aka fi tantancewa a Sudan wani ne daban: Samia Al Azharia Jahn ta yi shekaru tana nazarin yadda matan ƙauyukan bakin Nilu ke tace ruwa mai laka da dakakken irinsa.

Karkade, wato zoɓo, wanda aka fi nomawa a Kordofan ta Arewa, jansa daga antosayanin ne, kuma yana cikin 'yan abubuwan gargajiya da aka gwada da kyau. A Jami'ar Tufts ta Amurka, mutum 65 masu ɗan hawan jini sun sha ko dai kofi uku na zoɓo ko wani ruwan da aka kamanta da shi, kullum har mako shida. Sakamakon da aka wallafa a 2010 ya nuna lambar sama ta awon jininsu ta sauka da kusan maki 7 a wurin masu zoɓo, da kusan maki 1 a wurin sauran. Raguwa ce ta gaskiya, amma ba ta kai a ajiye ƙwayar asibiti ba, kuma ana ganin aikinsa a kan jijiyoyi da ƙoda ne ya kawo ta. Sukarin da ake zubawa a jug ɗin karkade lokacin buɗa-baki na iya cinye ribar ga mai ciwon suga. Wani binciken Sudan na 1994 ya gano cewa shan kulorokwin tare da karkade ko tsamiya ko lemon tsami yana rage yawan maganin da ke isa jini sosai. An daina dogara da kulorokwin a ƙasar tun 2004, amma darasin haɗiyar ƙwaya da ruwa zalla yana nan.

Bauri kuwa yana da fuska biyu. Tanin, sinadarin da majema ke nema a bagaruwa, shi ne ke cikin shayi da ɓawon wasu irin dawa kamar Wad Ahmad, saɓanin farar Tabat mai ƙarancinsa. A kwalbar gwaji tanin gwarzon antioksidan ne. A cikin hanji kuwa yana kama sinadarin ƙarfen abinci ya hana shi shiga jini. Kofin baƙin shayi a kan abinci na iya rage ƙarfen da jiki zai samu da fiye da rabi, kuma a ƙasar da shayi ke biyo bayan kusan kowane ci, ga mata masu juna biyu da ƙarancin jini ya yi wa katutu, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Jinkirta shayin da kamar awa guda na rage matsalar, matsa lemon tsami a miya ko a ful na ƙara ƙarfen da ake samu, tsamin ƙullun kisra kuma na warware wani sashe na abubuwan da ke ɗaure ma'adanai a dawa.

Wannan bambanci tsakanin kwalbar gwaji da cikin mutum shi ya sa ma'aikatar noma ta Amurka, wadda ta taɓa wallafa jadawalin ƙarfin antioksidan na ɗaruruwan abinci, ta janye shi a 2012. Masu talla sun mayar da lambobin hujja, alhali ba sa nuna abin da zai faru bayan an haɗiye.

Da aka gwada ƙwayoyin

An daɗe da lura cewa masu yawan cin ganye da 'ya'yan itace sun fi ƙarancin ciwon zuciya da shanyewar jiki da wasu nau'o'in sankara. Wannan har yau bai sauya ba. Abin da ba a sani ba shi ne ko wani sinadari guda ne a cikin abincin ke yin aikin. Hanyar sani ita ce a raba mutane gida biyu ta ƙuri'a, a ba wasu ƙwayar gaske, wasu ƙwayar da ba komai a cikinta, a bi su shekaru.

A Finlan an yi haka da maza 29,133 masu shan taba. Da sakamako ya fito a 1994, waɗanda aka ba ƙwayar karotin sun fi kamuwa da sankarar huhu da kashi 18 cikin 100. An ɗauka tsautsayi ne, sai wani gwajin na Amurka mai mutum 18,314, masu shan taba da ma'aikatan asbesto, ya nuna ƙarin kashi 28 cikin 100, har aka dakatar da shi a farkon 1996 kafin wa'adinsa. A Birtaniya, mutum 20,536 masu haɗarin ciwon zuciya sun shafe shekara biyar a gwajin haɗin bitamin C da E da karotin. Rahoton 2002 bai ga amfani ba. Wani gwajin mai maza 35,533 ya nuna a 2011 cewa bitamin E ya ƙara sankarar furostet, ƙullin da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji, da kashi 17 cikin 100. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Da masanan Cochrane suka tattara gwaji 78 da suka ƙunshi mutum kusan 297,000 a 2012, ba su ga alamar ƙwayoyin na tsawaita rai ba, kuma karotin da bitamin E sun ɗan karkata wajen ƙara mutuwa.

Cututtukan da suka fi damun ƙauyukan Afirka ma an gwada. An yi zaton bitamin C da E za su hana hawan jinin masu juna biyu da ke kaiwa ga jijjiga. Gwajin Birtaniya na 2006 da na Hukumar Lafiya ta Duniya na 2009 sun ce a'a. An yi zaton tamowa mai kumburi daga ɓarnar radikal take. A Malawi an ba yara sama da dubu biyu garin antioksidan ko na bogi, rahoton 2005 ya nuna bai hana kumburin ba.

Dalilan wannan ci baya suna da yawa. Ƙwaya ɗaya na ɗauke da ninkin abin da kwano zai bayar sau goma ko fiye, kuma a irin wannan yawa wasu antioksidan ɗin kan juya su zama masu ɓarna, musamman a huhun da hayaƙi ya cika. Jikin da ya ƙoshi ba ya karɓar ƙari: in bitamin C ya wuce kimanin miligiram 200 a rana, jini ya kusa cika, ragowar fitsari ke tafiya da shi. Ƙwayar sankarar da ta riga ta tsiro ita ma tana amfana da kariyar. Sannan mai cin gwaba ba bitamin C kawai ya ci ba; ya ci dusa da fotasiyam da ɗaruruwan sinadarai, kuma gurbin da gwabar ta cika da wani abu marar amfani ne zai cika shi.

Inda akwai rashi

Lissafin na sauyawa in jiki a yunwace yake. A gundumar Linshiyan ta ƙasar Sin, inda abinci ya yi ƙaranci kuma sankarar maƙoshi da ta tumbi suka yi yawa, an gwada mutum 29,584, kuma a 1993 aka ga haɗin karotin da bitamin E da seleniyam ya rage mutuwa da kashi 9 cikin 100. Cike giɓi aka yi.

Sudan na da nata babban gwajin. Daga 1988 zuwa 1990, masu bincike na Jami'ar Harvard da ma'aikatar lafiya ta ƙasar sun bi yara 28,753 a karkarar Khartum da Jazira, ana ba rabinsu babban kason bitamin A duk wata shida. Ƙwayar ba ta rage mutuwa ba a wannan gwaji. Amma da aka duba abin da yaran ke ci, sai aka ga waɗanda abincinsu ya fi bitamin A da karotin sun fi tsira, haka ma masu yawan cin tumatir. Wannan sashe na biyu lura ce kawai, domin gidan da ke iya sayen tumatir ya bambanta da wanda ba ya iyawa ta fuskoki da dama. Kuma gwaje-gwajen Indunisiya da Nepal da Gana sun ga amfanin ƙwayar ƙarara, shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ke ba da shawarar a riƙa ɗiga wa yara 'yan wata 6 zuwa 59 bitamin A a inda rashinsa ya yawaita. Uwar da ta ga ɗanta na dundumi da magariba ba ta da dalilin jinkiri.

Rashin bitamin C na haifar da sikabi: kasala, ciwon gaɓoɓi, kumburin dasashi da zubar jininsa, miki ya ƙi warkewa. Yakan bayyana bayan wata ɗaya zuwa uku na cin hatsi da mai da busasshen wake kawai. An gan shi a sansanonin 'yan gudun hijirar Habasha a gabashin Sudan a tsakiyar shekarun 1980. Rikicin jihar Shuɗin Nilu na 2022, wanda ya raba dubban Hausawa da gidajensu, da yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya isa Wad Madani a Disambar shekarar, sun sake jefa jama'a cikin irin wannan ci. Miligiram 10 a rana ya isa ya hana ciwon, abin da 'yan cokulan garin kuka ko gwaba guda ke bayarwa har da ƙari, kuma wanda ya kamu yakan fara jin sauƙi cikin 'yan kwanaki da samun bitamin ɗin.

Ful, lalle da jan jini

Babu inda muhimmancin kariyar da jiki ke yi wa kansa ya fito fili kamar a jajayen ƙwayoyin jini. Aikinsu dakon oksijin ne, kuma hanya ɗaya tak suke da ita ta sabunta gulutatayon, wadda ta dogara da enzayim mai suna G6PD. Kimanin mutum miliyan 400 a duniya sun gaji rauninsa, kuma a sassa da dama na Afirka ta Yamma yakan kai namiji ɗaya cikin biyar. Ya yaɗu ne a ƙasashen sauro domin yana ba da 'yar kariya daga zazzaɓi mai tsanani. Ɗa namiji daga wajen uwa yake gadonsa, kuma maza suka fi nuna alama.

Mai wannan rauni lafiyarsa ƙalau har ranar da wani abu mai yawan oksijin ya shiga jininsa. An gano sirrin ne a Chicago a 1956, a wurin binciken dalilin da ya sa maganin firimakwin ke fasa jinin wasu mutane. Waken ful, abincin safen kusan kowane gida a Sudan, yana da sinadarai biyu, bisin da konbisin, waɗanda ke juyewa a hanji su zama irin wannan guba. Kwana ɗaya ko biyu bayan ci, yaro zai yi laushi, tafin hannunsa da cikin fatar idonsa su yi fari, ƙwayar idon ta yi ruwan ɗorawa, fitsarinsa ya koma launin baƙin shayi. Nau'in raunin da ya fi yawa a Afirka mai sauƙi ne, yawancin masu shi suna cin ful rayuwarsu duka ba abin da ya same su. Nau'in gaɓar Bahar Rum ne ya fi tsanani. Amma abin na faruwa, musamman ga ƙananan yara maza da ɗanyen wake, kuma iyaye kan ɗauka shawara ce ta hanta su tsaya jiƙe-jiƙe alhali ƙarin jini yaron ke buƙata.

Ƙwallon kafur ɗin naftalin da ake sawa a akwatin tufafi na yin irin wannan ga jarirai, haka ma lalle in an shafe jikin jariri da shi, kamar yadda likitoci a Kuwait da Turkiyya suka rubuta. Zazzaɓin cizon sauro nau'in baibas, wanda ke ƙaruwa a tsakiya da gabashin Sudan, ba ya fita daga hanta sai da magani irin firimakwin, don haka ake son a auna G6PD kafin a bayar. Ƙwayar bitamin ba ta maye gurbin enzayim ɗin, kuma bitamin C mai yawa ta jijiya shi kansa ya fasa jinin masu wannan rauni. Rigakafin shi ne sanin hali da guje wa abin da ke tayar da shi.

Sikila, wadda ta yawaita tsakanin Hausawa da wasu ƙabilun yammacin Sudan, ita ma ciwo ce da ɓarnar oksijin ke da hannu a cikinta, domin jan jinin mai sikila na fitar da radikal fiye da na mai lafiya. Masu bincike a Khartum, ƙarƙashin Lamis Kaddam, sun ba masu ciwon 47 ƙaron dakwara giram 30 kullum har mako 12. Rahotanninsu na 2015 da 2017 sun nuna alamun ɓarnar sun ragu a jini, haemogulobin irin na jarirai, wanda ke hana ƙwayar lanƙwashewa, ya ɗan ƙaru. Ga ƙasar da ta fi kowace fitar da ƙaro, labari ne mai daɗi. Sai dai gwajin ƙarami ne, babu rukunin da aka kwatanta da shi, kuma awon jini aka duba, ba yawan tashin ciwo ko kwanciya asibiti ba. A Amurka an amince da garin gulutamin a 2017 bayan ya rage tashin ciwon a gwaji mai rukuni biyu, amma tsadarsa ta fi ƙarfin talaka. Maganin da ya fi hujja har yanzu shi ne haidiroksiyuriya, wanda aka gwada a Kano da wasu biranen Afirka, tare da rigakafi da gidan sauro da yawan shan ruwa.

A gadon asibiti

Akwai wurare ƙalilan da antioksidan ke zama magani na sosai. Mafi bayyana shi ne gubar farasitamol. In an sha fiye da kima, hanta na ƙarar da gulutatayon ɗinta wajen kashe dafin, daga nan sai ta fara mutuwa, kuma mutum na iya jin garau a ranar farko. Likitocin Edinbara sun nuna a ƙarshen shekarun 1970 cewa asetilsistin, wanda hanta ke ƙera gulutatayon da shi, na ceton kusan duk wanda aka ba cikin awa takwas. Na biyu ciwon tsakiyar ido ne na tsofaffi: gwajin Amurka na 2001 ya nuna haɗin bitamin C da E da karotin da zinki na rage tsanantarsa da kusan kashi ɗaya cikin huɗu ga waɗanda ya riga ya kama, ba ya hana shi ga mai lafiya, kuma bai yi wa yanar ido komai ba. Mai karɓar maganin sankara ya kamata ya sanar da likitansa duk ƙwayar da yake sha, domin gashin haske da wasu allurai da radikal suke kashe ƙari.

Rage ɓarnar daga tushe

A ƙauyukan Jazira, abubuwan da ke ɗora wa jiki nauyin oksijin sanannu ne: zazzaɓin da ke maimaituwa, tsargiyar magudanan ruwa mai sa hanta tauri, hayaƙin itace da gawayi a rufaffen madafi, taba, maganin feshin auduga, da man suyan da aka maimaita har ya yi baƙi ya yi kauri a kaskon ta'amiya. Kowanne na da maganinsa kai tsaye, kuma ya fi ƙwayar bitamin araha.

Gyaɗa ta cancanci kulawa ta musamman. In ta kwana da danshi, funfuna na zuba mata aflatoksin, dafin da hanta ke juyawa zuwa wani abu mai manne wa DNA, kuma da gulutatayon take fitar da shi. Wani binciken Sudan na 2001 ya danganta yawan cin dakwa, wato niƙaƙƙiyar gyaɗa, da sankarar hanta, haɗarin kuma ya fi yawa ga waɗanda suka gaji rashin ɗaya daga enzayim ɗin da ke wannan aiki. In ciwon hanta nau'in B ya haɗu da dafin, haɗarin na ninkuwa sau da yawa, shi ya sa rigakafin jarirai ke da muhimmanci. Suya da niƙa ba sa kawar da aflatoksin. Abin da aka tabbatar yana aiki an gwada shi a ƙauyuka 20 na ƙasar Gini: tsince gyaɗar da ta lalace da hannu, shanya a kan tabarma maimakon ƙasa har ta bushe ƙayau, zubawa a buhun algarara, ɗora buhunan a kan katako, da maganin ƙwarin rumbu. Rahoton 2005 ya nuna cewa bayan wata biyar da girbi, dafin da ke jinin mutanen ƙauyukan da suka bi sabuwar hanyar bai kai rabin na maƙwabtansu da suka bi tsohuwar hanya ba.